Ranar da Baffa Ya Ɗanɗana Man Shanu a Kano

Idan na ce wa yaran yanzu na auri mace, mun zauna har furfura, amma ban taɓa ganin loma ta shiga bakin mahaifinta ba, sai su fashe da dariya, wai tsoho ya fara ruɗewa. Ruɗewar me? Haka muka taso. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa zai sha sai ya juya baya. Mu ke nan fa, Hausawan Gagarawa. To ina ga surukina, Bafulatanin ruga daga arewacin Ɗanzomo, wanda ko a gaban ɗansa na fari ba ya tauna goro? Kowa Baffa yake ce masa, ni ma haka nake cewa idan ta kama dole in buɗe baki.

Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Labari ya iso har kasuwar Maigatari cewa ana loda shanu a jirgi ana kai su Ikko, don haka shanu sun fi daraja a Kano. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, rumbun Baffa ya yi ƙasa, yana da bijimai da yake son sayarwa ya sayi hatsi. 'Ya'yansa maza sun tafi da garke neman ciyawa. Shi kuma duk rayuwarsa bai taɓa shiga garin da ya fi Gumel girma ba. Ni ne mai fataucin fatun awaki, kowane rani nakan kora jakina zuwa Kano, sai rakiyar ta faɗo a kaina.

Da safen da za mu tashi, matata ta ɗaura mana gumba a jaka biyu daban-daban. Ta biyo ni har bakin danga, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Da ƙafarsa ya tafi, ka dawo mini da shi da ƙafarsa."

Na ce, "Ke dai kin cika tsoro. Kano ce fa, ba bangon duniya ba."

A hanya ba mu sami matsala ba, don daji yana da faɗi. Duk inda muka yada zango sai in ce, "Baffa, bari in duba jakin nan." Jaki kuwa yana tsaye a gabanmu lafiyarsa ƙalau, yana kaɗa wutsiya. Shi ma sai ya ce, "To, ni ma bari in ga bijiman." Ni in ɓuya bayan wata sabara, shi ya ɓuya bayan wani kalgo, kowa ya dama gumbarsa ya sha. Mu dawo, kowa ya goge baki, mu hau zancen gajimare. Wallahi a duk ƙasar Gumel ba a taɓa yin jakin da aka duba kamar nawa ba.

Muka isa Kano, muka sauka a Fagge, gidan fatoman da na saba sauka. Shi ke ba baƙi masauki, shi ke nema musu mai saye. Mutum ne mai hannu sake, ga surutu, ga saurin fushi, ga saurin hucewa. Zaurensa ba ya rabo da jama'a: Buzaye masu raƙuma, fataken kanwa, masu gyaɗa, wannan na fita wancan na shiga. A nan muke wuni, a nan muke kwana. Babu sabara, babu kalgo. Idan an fito da tuwo daga cikin gida, a manyan akusa ake kawowa, kowa ya matso ya sa hannu.

Fatoma ya ce, "Baffa, bismillah."

Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Ni ma na ce na ƙoshi, tunda yana zaune. Can anjima sai in sulale kasuwa, in sami mai ƙosai ko mai dambu in cika cikina a tsaye. Na ɗauka shi ma yana da tasa dabarar. Ban tsaya na tambayi kaina ba, ina dattijon Bafulatani zai tsaya yana tauna a tsakiyar kasuwa? Gumbarsa kuwa ta ƙare tun kafin mu hango ganuwa.

Bijimai suka ƙi sayuwa da wuri. Fatoma ya ce mu yi haƙuri, masu lodin jirgi suna tafe, kada mu yi asara don gaggawa. Kwanaki suka yi ta tafiya. Wata la'asar muna salla, na ga Baffa zai tashi daga sujada sai da ya dafa bango. Kashegari a zaune ya yi sallar. Na saci kallonsa: leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanu sun faɗa, ya ƙara ɗaure ɗamararsa har rigar ta tattare. Mutumin da ke wuni a bayan shanu bai zauna ba! Sai na gane. Ruwa kawai yake sha tun da muka shigo garin.

To me zan yi? Ba dama in ce, "Baffa, ka ci abinci." In na faɗi haka, na nuna masa na ga yunwarsa ke nan, wannan kuwa ya fi yunwar ciwo a wurinsa. Na je na sayo fura da nono mai kyau, na ajiye kusa da tabarmarsa kamar mantuwa na yi, na fice. Na daɗe ina yawo a rana don in ba shi sarari. Da na dawo sai na tarar da wani Buzu yana lashe ludayi yana sa mini albarka, wai dattijo ya ce sadaka ce. Na ji kamar in kwaɗa masa ƙwaryar a ka. Amma laifin wa? Zauren bai taɓa zama babu mutum ba. Na ce wa Baffa ya zo mu fita bayan gari ya ga jirgi, ya ce wa zai kula da bijimai.

Daga ranar ni ma abinci ya daina wuce mini. In je wurin mai ƙosai, in kai baki, sai in tuna hannun nan a jikin bango, in ajiye ƙosan in tafi. Maganar matata kuma tana ta yi mini yawo a ka. Tafiyar komawa doguwa ce, ga rana, ga rairayi. Wannan tsoho ko Gezawa ba zai kai ba. Na daina zuwa kasuwar ma gaba ɗaya, na zauna a zaure ina ce wa tuwo na ƙoshi. Muka zama mu biyu.

Allah ya taimake mu masu saye suka zo, aka yi ciniki mai kyau, kowa ya ji daɗi. Da hantsi fatoma ya ja ni gefe.

Ya ce, "Kai, tsohon nan naka ya raina tuwon gidana, na lura. Ba komai. Yau zan kai ku inda ba a rainawa. Ka taɓa jin gidan Inna a cikin birni?"

Wa bai ji ba? Inna mace ce da ta daɗe tana girki a gidajen Larabawan Tarabulus, daga baya ta buɗe nata gidan kusa da kasuwar Kurmi. Ba irin masu tuwon bakin hanya ba ce. Attajirai ke zuwa wurinta, su kai baƙinsu na girma. Ni da nake zuwa Kano kowane rani, iyakata in wuce ta ƙofar in shaƙi ƙanshi. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina, can babu cunkoso, kuma abincin da ake faɗa ɗin nan ba a yi cikin da zai ƙi shi ba.

Muka kama hanya. Kafin mu kai, Baffa ya tsaya ya fi a ƙirga, wai yana kallon gine-gine. Ni na san ba gini yake kallo ba.

Tabɗi! Soro ne babba, an yi masa zane a bango, sanyi kamar cikin randa. Darduma a shimfiɗe har bakin ƙofa, ga matasan kai na fata, ga turaren wuta yana tashi. Attajirai zaune ƙungiya-ƙungiya, kowa riga kan riga, ana magana ƙasa-ƙasa. Wani Balarabe a kusurwa yana shan shayi a ɗan finjalin da ko tsuntsu ba zai ƙosar ba. Na dubi ƙafafuna da suka sha hanya, na ji kunyar taka dardumar. Wata mata ta zo da shantali da tasa ta zuba mana ruwa a hannu. Ni har na kai gwiwar hannu ina shirin shafar kai, sai fatoma ya zungure ni ya ce ba alwala ba ce.

Aka kawo faranti na tagulla, faɗinsa ya kai bakin rijiya, aka ajiye a tsakiyarmu. Ɗaya tak, mu uku. Ga dashishi yana ƙyalli da mai, ga alkubus da miyar taushe, ga gurasa, ga taliya wadda ban taɓa gani ba sai ran nan, ga kaji an soya su sun yi ja, ga alkaki yana ɗigar zuma a gefe. Yawuna ya tsinke, har jiri na ji.

Fatoma ya naɗe hannun riga ya ce, "To Baffa, yau kam bismillah."

Baffa ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Innalillahi! Sai a lokacin na ga abin da muka yi. Mun ɗauko mutumin da kunya ta hana shi ci a zaure, mun dasa shi a tsakiyar manyan Kano, ga surukinsa gwiwa da gwiwa, ga ƙanshi yana dukan hancinsa. Na miƙe zumbur, bakina ya faɗi abin da ya saba.

"Baffa, bari in duba jakin nan."

Fatoma ya ce, "Wane jaki? Wanda muka baro a Fagge?"

Attajiran da ke kusa suka yi dariya. Na fice dai, na tsaya a lungun da ke tsakanin soro da madafa. Fitata ba ta gyara komai ba, tunda sauran idanu suna nan. Ina jin muryar fatoma tana hawa: "Haba Baffa! Wannan ai wulaƙanci ne. Me na yi maka?"

Ina nan tsaye sai ga wata mace ta fito daga madafa, ƙatuwa, gumi na zuba, muciya a hannu. Ba sai an gaya mini Inna ce ba.

Ta ce, "Kai kuma lafiya ka tsaya nan kamar an dasa ka? Abincina ne ya koro ka?"

Na durƙusa na ce, "A'a Inna. Dattijon can ne."

"Mene ne naka?"

"Surukina ne. Bafulatani."

"Yaushe rabonsa da abinci?"

"Tun da muka shigo garin nan."

Ta saki baki tana kallona. Sannan ta wanke ni tas. "Amma kai an yi sakarai! Kai da wancan mai baki kamar ganga. Ku ɗauko dattijon ruga ku zaunar da shi a gaban jama'a, ku ce ya ci? Ko da zuma zalla na dafa ba zai taɓa ba, sai dai ku ɗauki gawarsa. Na ciyar da Larabawa, na ciyar da Buzayen da ke cusa loma ta ƙarƙashin rawani, kowa da irin kunyarsa. Matsa ka ba ni hanya."

Ta ajiye muciyar, ta gyara mayafi, ta shiga soron. Na leƙa ta gefen ƙofa. Matar nan da ta gama yi mini tsawa sai ga ta durƙushe a gaban Baffa, murya kamar ba tata ba.

Ta ce, "Arɗo, sannu da zuwa. Allah ne ya jefo mini kai yau." Baffa ba arɗo ba ne, amma bai musa ba. "Wata damuwa ce da ni. Matan da ke kawo mini man shanu, ina zargin akwai mai haɗa mini da man gyaɗa. Mu harshenmu na birni ne, ba ma ganewa. In baƙina suka gane kafin ni, na shiga uku. Ka taimake ni ka duba mini."

Baffa ya ɗago kai. Ya ce, "Kawo man in gani."

"Ai matsalar ke nan, Arɗo, duk na zuba a girki. Kowace tukunya da man mace daban. Sai dai a ɗanɗana a ciki. Kuma don Allah ba a nan ba, kada asirina ya tonu a gaban mutane. Akwai ɗaki a ciki."

Ya dubi farantin, ya dube ta. Can ya ce, "Wanda ya nemi taimako ai ba a hana shi."

Ya dafa bango ya tashi. Ta kai shi wani ɗan ɗaki a bayan madafa, ta shiga jigilar kwanuka da kanta. Na lura abin da ta fara shigarwa kunu ne mai ɗumi da nono, saboda cikin da ya daɗe a rufe. Da ta gama ta saki asabari, ta jawo turmi ta kifa a bakin ƙofar ta zauna, ta ɗora muciya a cinya. Ta ce duk wanda ya matso nan sai ta fasa masa kai, har da ni.

Na koma nesa kaɗan na kasa kunne. Shiru. Shiru har na fara fid da rai. Sai na ji ƙarar ludayi ya taɓa ƙwarya, ƙwas, a hankali. Ya sake taɓawa. Wallahi sai na zauna a ƙasa daɓas. Ban taɓa jin sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, ko kukan ɗana na fari.

An daɗe kafin asabarin ya motsa. Baffa ya fito, goshinsa da gumi, bai dafa komai ba. Fuskar nan a ɗaure kamar alƙali zai yanke hukunci.

Inna ta ce, "Arɗo, yaya ka gani?"

Ya ce, "Ni dai ban ji algus ba. Amma harshena ya tsufa, kuma shaidar mutum ɗaya ba ta isa. Akwai yaron nan da muka zo tare. Ya daɗe yana cin man da 'yata ke kaɗawa, ya san na gaske. A shigar da shi ya ɗanɗana."

Bai ko dubi inda nake ba. Ya wuce soro abinsa.

Inna ta juyo ta ƙare mini kallo, tun daga ido har wuyan riga. Ta ce, "Au! Kai ma?" Ta girgiza kai. "Allah ya shirye ku, mutanen arewa. Shiga."

Na shiga, ta saki asabari. Kwanukan suna jere a kan tabarma, kowanne an ci rabi an bar rabi. An raba daidai kamar da wuƙa. Kuma rabin da aka bari shi ne mai kyau: cinyar kaza da hanta, tsakiyar gurasa mai laushi, alkakin da ya fi jiƙa da zuma. Wurin da ya zauna ma da sauran ɗumi. Ashe duk kwanakin nan da nake satar kallonsa, shi ma yana kallona. Ya ga ranar da na daina zuwa kasuwa. Mutumin da yunwa ta kusa kayarwa, aka ba shi ɗaki shi kaɗai, ya tsaya yana raba mini.

Na ci ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Dashishin nan yana narkewa a baki, miyar taushe da ɗan tsaminta, taliyar tana zille mini daga yatsu ina bin ta. Daga baya na ci abinci a gidajen masu hali da dama, amma ban sake cin irin wannan ba. Da na fito Inna ta ce, "To malamin mai, akwai algus?" Na ce babu. Ta ce, "Madalla, shaidu biyu sun cika."

A soro na tarar fatoma ya huce, ya share farantin shi kaɗai, yana ba Baffa shayi yana yi masa bayanin jirgi. Shayin ma Baffa riƙe shi kawai ya yi har ya huce. Da za mu tafi Inna ta ba mu guzurin gurasa da alkaki, ƙunshi biyu daban-daban, ba wanda ya gaya mata ta yi haka.

Muka kamo hanyar gida da hatsinmu. A zangon farko na ce bari in duba jaki. Baffa ya dubi inda bijimai suka saba tsayawa, babu su. Ya ce, "To, ni ma bari in ga ko akwai ciyawa ta can." Da muka iso Gagarawa shi ne a gaba, sanda a kan kafaɗu, hannuwa rataye a kanta, ni da jaki muna haki a baya. Matata tana bakin danga. Ta dube shi tun daga rawani har ƙafa, ta dube ni, ta koma ciki da sauri don kada mahaifinta ya ga idonta. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta yi kuka.

Rani na zagayowa ta kaɗa mai, ta cika ƙaramar ƙwarya ta ce in kai wa Inna. Haka muka riƙa yi duk shekara. Inna takan buɗe ta shinshina ta ce, "Wannan ba sai an kira shaidu ba." Har shekarar da na je na tarar da wasu mutane a gidan, aka ce ta rasu da damina. Na tsaya a ƙofar na yi mata addu'a, har yau kuma ina yi. Ba danginmu ba ce, ba ta taɓa ganinmu ba kafin ranar, ta ceci ran tsoho ba tare da ta taɓa mutuncinsa ba. Allah ya ji ƙanta, ya ciyar da ita kamar yadda ta ciyar da mu.

Baffa ya yi shekaru bayan haka. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ba mu kuma taɓa cin abinci a gaban juna ba. Da ciwon ajalinsa ya kama shi muka ɗauko shi zuwa gidana don 'yarsa ta yi jinya. Wata safiya ina zaune a gefensa ta kawo kunu da man shanu a kai, ya kawar da fuska ya ce ya ƙoshi. Lokacin na daɗe da barin fatauci, ko akuya ba ni da ita a turke. Na miƙe na ce, "Baffa, bari in duba jakin nan."

Ya buɗe ido, ya ce, "Ka duba shi da kyau."

Na fita na zauna a gindin danga. Jim kaɗan matata ta fito da ƙwaryar a hannu, an sha rabi an bar rabi. Ta miƙo mini.

Ta ce, "Ya ce wai ka ɗanɗana."